Waɗanda Suke Kallo Har Ƙarshe

Ɓarawon bai yaga ko ɗaya daga 'yan takardun sunan da ake manna wa bayan waya ba. A hankali ya ɓanɓare su, ya jera a gefen durowa. Abin da Sufeto ya fara lura da shi ke nan da ya shiga shagon gyaran waya.

"Ba a fasa ƙofa ba?"

"Ko ƙwarzane babu, ranka ya daɗe," in ji mai shagon. "Ɗaya bayan ɗaya suke ɓacewa. Kuma ya bar masu tsada, ya kwashi tsofaffi."

"Wa ke karɓar waya daga hannun kwastoma?"

Ya nuna wata mata a bayan kantar shagon, wadda kowa ke ce wa Anti. Ita ke rubuta suna, ita ke tambayar lambar buɗe waya.

"Anti, waɗanda suka ɓace, duk masu su sun ba da lamba?"

"Ban riƙe ba, yallaɓai. Mutane da yawa ne."

Washegari wata tela da aka sace wa waya a shagon ta zo caji ofis da sabuwar da ta saya. Ta shiga tsohon asusunta na kallon bidiyo, ta tarar wai kullum tana kallon darasin lissafi.

"Ni da lissafi ya kora daga makaranta," ta ce. "In ma aljani ne ya ɗauke ta, to ɗan boko ne."

Duk bidiyoyin na mutum ɗaya ne, wani mai furfura a gaban farin allo. Sufeto ya koma shago ya nuna wa Anti fuskar.

"Ban san shi ba," ta ce, tana gyara cajojin da ke a gyare.

Akwai lambar waya a ƙasan bidiyon, don masu son darasi a gida. Da ita Sufeto da wani kofur suka gano gidan.

Malam mai furfurar na kan keken guragu a falo, an ture kujeru gefe don allo da fitila. Hatsarin mota ne ya raba shi da aji. Ya ɗauka baƙin sun zo ne nema wa 'ya'yansu darasi, ya jawo kwamfuta yana murna.

"Wuri uku nake sakawa. A dandalin gajerun bidiyo dubbai ne, amma duba, kafin in gama sallama sun wuce. Wannan ba kallo ba ne, gilmawa ce. A na zumunta kuwa dangi ne, su danna alamar so ba su buɗe ba, kamar gaisuwar mara lafiya. Amma nan," ya buɗe dandalin dogayen bidiyo, "ba su da yawa, sai dai har ƙarshe suke zama. Ga su ma yanzu suna ciki. Waɗannan su ne ajina."

"Suna yin tambaya?" in ji Sufeto.

"Tukuna dai."

"Suna komawa baya in ba su gane ba?"

Malam ya dubi layin da ke nuna inda masu kallo ke tsayawa. A miƙe yake, kamar an ja da rula. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban allo ya san babu ajin da ke ganewa a karo ɗaya. 

Sufeto ya bi wata wayar wuta da ido. Daga bayan firiji ta fito, ta shige ƙarƙashin ƙofar sito.

"Makullin yana wajen maiɗakina," in ji Malam. "Ga ta nan ma."

Anti ce ta shigo da ledar cefane. Ta ga kakin kofur, ta ajiye ledar a ƙasa, ta miƙa makullin ba a tambaye ta ba.

A cikin siton, a kan kantoci, tsakanin gwangwanaye, wayoyin na jere a caji, an kashe musu murya. A kowacce Malam na motsa baki yana nuna allo.

"Bayan hatsarin ya juya fuska bango," ta ce. "Ko abinci sai na yi kuka. Ranar da ya ga mutum ɗaya ya kalla har ƙarshe, ya ce in kira masa mai aski. Ni ce mutum ɗayan. Na ga ɗaya ba zai riƙe shi ba."

"Kin san kayan mutane ne," in ji Sufeto.

"Na sani. Kullum cewa nake in na gaske suka zo, zan mayar."

"A cikinsu babu na gaske?" Malam ne ya tambaya daga bakin ƙofa. "Ko ɗaya?"

"Malam..."

"Tambaya na yi miki."

Ta sunkuyar da kai.

Kofur ya fara cire wayoyin yana kashewa, yana sakawa a jakar shaida.

"Yallaɓai, ku bari darasin ya ƙare," ta ce. "Saura kaɗan."

Sufeto ya kau da kai, ya ce wa kofur ya ci gaba.

A kwamfutar da ke cinyar Malam, adadin masu kallo na sauka da kowace waya. Da aka kashe ta ƙarshe, sifili ya rage.

Ba a sa wa Anti ankwa ba da za a tafi da ita. A bakin ƙofa ta waiwayo tana cewa maganin Malam na kan firiji, a tuna masa bayan ya ci abinci. Malam ya rufe kwamfutar, ya ɗora a kan kujera. Ya kashe fitilar allo, ya juya kekensa ya shige ɗaki.