Ba Shi Ne Ya Zo Tarbarta Ba

"Ke ce Auta, ko?"

Auta ta juyo da sauri, murmushin da ta taho da shi tun daga cikin jirgi bai bar fuskarta ba. Mace ce tsaye a gabanta, doguwa mai jan gyale, ta rungumo wata baƙar rigar sanyi a ƙirjinta.

Rigar ta fara ganewa. Ita ta saya wa mijinta Dogo ranar da zai taho aiki ƙasar nan, wata takwas ke nan.

"Sannu da hanya! Maƙwabciyarsa ce ni, ƙofarmu na kallon juna. A asibiti nake aiki, kowa Sista yake ce min. Shi ya ce in zo in taho da ke."

"Shi yana ina?"

"Yana gida... zai yi miki bayani. Ungo ki saka, sanyin waje ba irin wanda kika sani ba ne. Ɗan rigimar nan sai da ya sa na rantse zan ga kin saka ta."

Ɗan rigima!

Auta ta ƙare mata kallo. Ita da take matarsa ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, Yaya take ce masa. Ga wata ta raɗa masa suna, har da dariyarta.

Ta karɓi rigar. Ƙamshin turaren da ke jikinta ba nasa ba ne.

"Motata na waje, kawo jakar."

"Na gode. Zan kai kaina."

"Ke da ba ki taɓa zuwa ba? 'Yar'uwa, garin nan yana da girma fa!"

"Na ce na gode."

Ta ja jakarta ta yi gaba. Auta ce ita a gidansu, ko kasuwa ba a barinta ta je ita kaɗai. Daga gida sai makarantar da take koyar da yara, sai kula da Umma, mahaifiyar Dogo, wadda suke zaune tare. Wannan ce ranar farko da ta hau jirgi, ba mai yi mata rakiya. Amma gara ta ɓata a garin mutane da ta zauna a kujerar da wataƙila shi yake zama.

Kuma ta ɓata ɗin. Jirgin ƙasan da ta shiga ya nufi wani gefen daban, sai da ta ga gidaje sun ƙare gonaki sun fara sannan ta sauka. Wata tsohuwa mai sandar dogarawa ta duba adireshin a wayarta, ta nuna mata ɗaya gefen tashar da hannu. Ba wanda ya ji yaren wani, amma sun fahimci juna.

Lokacin zubar ganye ne. Bishiyoyin titi sun koma ja da ruwan ɗorawa, iska tana kaɗo ganyen suna mannewa a tayar jakarta. Sau nawa Dogo ya nuna mata su a waya yana cewa, "Bari ki zo ki gani da idonki, zuciyata." Ga shi ta zo, yayyafi yana dukanta, rigarsa na rataye a hannunta ta ƙi sakawa, abu ɗaya take tambayar kanta: da wa yake takawa a kan ganyen nan?

Da ƙyar ta gano gidan. Kafin ta ƙwanƙwasa aka buɗe ƙofar.

"Auta! Ina kika shiga? Na kira wayarki har na gaji, Sista ta dawo tana cewa..."

Maganar ta tsaya masa da ya ga ta zuba masa ido. Hannunsa na dama a ɗaure yake tun daga kafaɗa, an rataye shi a wuya. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ga tabon ɗinki a gefen goshi.

"Innalillahi... Yaya, mene ne wannan?"

"Shigo tukuna, kin jiƙe."

"Ba zan shiga ba! Me ya same ka?"

"Daga kan tsani na faɗo a wurin aiki, muna gyaran injin sanyaya ɗaki. Na warke fa, saura kaɗan."

"Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "An kwana biyu..."

"Shi ya sa ka ce kyamarar wayarka ta lalace?"

Ya kauce daga bakin ƙofar.

Ta shiga don ta jiƙe, ba don ta huce ba. Ɗaki ne ɗaya da ɗan kicin a lungu. Gado, tebur, kujera biyu. Tsaf yake, irin gyaran da ta san ba na mai hannu ɗaya ba ne, ba ma na Dogo mai hannu biyu ba, mutumin da ke cire safa ya bar ta inda ta faɗi. A kan murhu akwai wata koriyar tukunya mai zanen furanni.

"Tukunyar wa ce?"

"Ta Sista. Miya take kawo min."

"Wa ya gyara gadon?"

"Auta..."

"Wa ya kwana da kai a asibiti? Wa ya ba ka ruwa? Wa ya riƙe maka hannu da za a yi ɗinkin?"

"Wallahi babu komai tsakanina da ita, taimako ne kawai!"

"Ban ce akwai ba! Tambayarka nake wa ya yi min aikina!"

Ta fashe da kuka. Ya matso zai rungume ta da hannun hagu, ta janye jikinta.

Washegari da hantsi tana tsaye a kicin tana neman ganyen shayi, ta buɗe nan ta rufe can, sai ta ji makulli yana juyawa a ƙofa. Sista ta leƙo da leda a hannu.

"Salamu alaikum, amarya! Maganinsa na kawo. Ganyen shayi kike nema? Yana cikin gwangwanin sama, bayan sukari. Kar ki cika masa madara, ba ya so."

"Da madara yake sha."

"Da can ne. Yanzu ya daina."

Auta ta kalli Dogo. Ya kalli taga.

Sista na fita Auta ta ɗauki waya ta kira Umma.

"Umma, ɗanki ya karye bai gaya mana ba!"



"Na sani, 'yar nan."

"Kin... sani?"

"Ni na ce kar a gaya miki. Lokacin ba ki daɗe da tashi daga ɓarin nan ba, ko abinci sai na zauna a kanki kike ci. Na ji tsoro in ƙara miki. Da kika samu ƙarfi ai ni na matsa ki nemi hutu ki tafi. Ki yafe min."

Auta ta ajiye wayar a hankali. Cikinta na fari ne ya zube, mijinta yana nesa, ta yi kukanta ta waya. Ashe duk tsawon lokacin da take shafa wa Umma man zafi a gwiwa suna hira, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Uwa ta sani, maƙwabciya ta sani, matar gida ce baƙuwa.

Kwanakin da suka biyo ta yi masa komai, amma ba fara'a. Ta wanke koriyar tukunyar ta ajiye a bakin ƙofar Sista ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Ta canza wa gado wuri. Ta sauya zaman kofuna da cokula, har shi kansa ya daina sanin inda abu yake sai ya tambaye ta. Ta koyi hanyar kanti ita kaɗai, ta gane lambar bas ɗin da ke zuwa asibiti. Duk macen da ta gaishe shi a matakala sai ta ƙare mata kallo, har tsohuwar da ke share baranda.

"Wannan ma ta san yadda kake shan shayi?"

"Haba Auta, ta haifi Umma fa!"

Bai yi dariya ba, don ya ga ita ba ta yi ba.

Ran nan da rana ta sauka ɗakin wanki da ke ƙasan ginin, ta tarar da Sista ita kaɗai tana ninke fararen rigunan aikinta. Injin wanki na ta juyi. Auta ta ajiye kwandonta.

"Ina so ki ba ni makullin ɗakin mijina."

Sista ba ta yi musu ba. Ta ciro shi daga cikin nata ta miƙa.

"Da tuni na kawo, kunya ce ta hana ni."

"Tambaya ɗaya zan yi miki, don Allah ki gaya min gaskiya. Kina son sa?"

Hannun Sista ya tsaya a kan rigar. Auta ta so ta ji ta ce a'a, ta yi dariya, ta ce haba dai.

"Eh," in ji Sista. "Ban shirya ba, haka na tsinci kaina. Na daɗe a garin nan ni kaɗai, 'yar'uwa. In na dawo aiki bango nake wa sallama. Sai ga wanda ke jin yarena, yana buƙatar a ba shi ruwa..." Ta share ido da bayan hannu. "Ban taɓa furta masa ba. Shi kuwa ko a gigin allura sunanki yake kira, har na tsani sunan."

Auta ta ji kamar ta shaƙe ta, ta kuma ji kamar ta zauna a ƙasa su yi kuka tare. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Na gode da kika kula min da shi. Daga yau na karɓa."

"Na sani. Tun a filin jirgi na sani."

Da la'asar ta ce masa ya sa takalmi. Ita ta ja gaba har wani lambu da ta gano a hanyar kanti. Suka zauna a benci, ganye na faɗo musu a cinya.

"Ka san tana son ka?"

Ya daɗe yana murza wani ganye a yatsunsa.

"Na lura."

Da ya musa, da ta tashi ta bar shi a nan. Amma gaskiyar ma ta yi mata zafi kamar mari.

"Ka lura, ka bar mata makulli?"

"Na ji tsoron zama ni kaɗai, Auta. Ko maɓallin riga ba na iya sawa. Na ce a raina tunda ni ban sa ta a zuciya ba, ba laifi. Na cuce ta, na cuce ki."

"Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Ba miyarta ba ce, ba sunan da ta sa maka ba ne. Kun zauna kai da Umma kun yanke cewa ni ba zan iya ɗauka ba. Na rasa ɗana kana nesa, na ɗauka. Na riƙe maka uwa, na ɗauka. Na ƙetaro duniya ni kaɗai, na ɓata, na gano hanya. Sai ciwonka ne ya fi ƙarfina? Ciwonka nawa ne, Yaya! Ba ka da ikon ba wata!"

Hawaye ya gangaro masa cikin gemu.

"Ki yafe min, rabin raina. A wurin aiki sun ce in ƙara shekara, ban ba su amsa ba. Gobe zan ce musu a'a. In an kwance hannun nan, aikin da na fara kawai zan ƙarasa in dawo gida."

"Kar ka ce don ni."

"Don ke ne. Don wa zai zama?"

Ba ta ce ta yafe ba. Amma da suka tashi, ita ta riƙo hannunsa na hagu, ba ta sake shi ba har suka hau matakala.

Suna shiga ta kalli kansa ta yamutsa fuska.

"Wannan gashin yaushe rabonsa da sabulu?"

Ta jawo kujera gaban wurin wanke hannu, ta zaunar da shi, ta lulluɓe ɗaurin da tawul. Ta tara ruwan ɗumi a kofi tana zuba masa a hankali, yatsunta suna bi ta gefen tabon. Ya lumshe ido, kafaɗunsa suka saki.

Can ta tsaya, kumfa a hannunta.

"Yaya..."

"Na'am, zuciyata."

"Wa yake wanke maka kai?"

"Ni, da hannu ɗaya. Shi ya sa kika gan shi haka."

"Ka rantse."

"Wallahi. Ta ce za ta yi, na ce a'a, wannan na matata ne."

Auta ta ciji leɓe don kar ya ga murmushin, amma hawaye ya tona mata asiri, ya ɗiga a goshinsa. Ya buɗe ido.

"Rufe idonka," ta ce. "Sabulu zai shiga."

Ya rufe. Ta sunkuya ta sumbaci tabon, sannan ta ci gaba da zuba ruwan.