Wanda Ya Kwance Injin Bola

Ranar Talata da hantsi manajan kamfanin shara, Mista Adusei, ya shigo caji ofis da rahoton sata. An ɗauke injin da ke zuƙe baƙin ruwan da ke tsatsafowa daga ƙarƙashin bola yana tura shi tankin magani. Kududdufin da ruwan ke taruwa ya cika ya tumbatsa.

Sufeto Nasrullah Iddi bai yi mamaki ba. Kwana uku ke nan mutanen unguwar Zongo da ke kusa da bola suna rufe tagogi da rana tsaka, masu koko da masu waakye, wato shinkafa da wake, sun kwashe teburansu daga bakin titi saboda wari.

"Yaushe kuka lura babu injin?"

"Jiya, Ofisa."

A bakin kududdufin, Sufeto ya toshe hanci da hankici ya tsuguna. Ruwan baƙi ƙirin, yana kumfa shi kaɗai. Inda injin yake a da, ga notuna takwas an jera su a kan siminti, kowanne an shafa masa giris. Wayar wuta ma ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi aka naɗe bakinta. Shekara goma sha tara yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya tsaya yin haka ba.

Ya kira mai gadi, wani dattijo mai suna Awalu.

"Wallahi Ofisa, ban ga kowa ba. Ni ba na ɗagawa daga nan."

"Har ranar Juma'a? Ba ka zuwa masallaci?"

Awalu ya sunkuyar da kai.

"Na je. Da na dawo, babu inji. A take na gaya wa manaja, ya ce in rufe bakina. Wai jami'an muhalli za su zo duba wurin ranar Litinin, zai nemo wani kafin nan."

"Ya nemo?"

"Bai samu ba. Su ma ba su zo ba, ruwan sama ya hana su."

Ruwan saman da ake ta tafkawa tun daren Juma'a ya fasa gefen kududdufin ta baya. Sufeto ya bi sawun baƙin ruwan da ƙafa, ta cikin ciyawar da ta ƙone, ta kwata, ta lungu, har ya kai shi bakin wata rijiya a ƙofar wani gida. A gabanta an shimfiɗa tabarmi, maza na zaune shiru.

Gidan Mma Barkisu ne. Jikarta Hikma, 'yar shekara biyu, ta rasu jiya a asibiti bayan amai da gudawa. Wasu yara huɗu na lungun suna can a kwance.

Aka nuna masa uban yarinyar, Fataw, makanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Shi ne shugaban kwamitin unguwa da ya shekara huɗu yana kai ƙarar warin bola ofis-ofis. Sufeto ya miƙa masa hannu ya yi ta'aziyya. Fataw ya jinkirta kafin ya fito da nasa daga aljihu. Fatar ta saɓule, ja wur har wuyan hannu.

"Me ya sami hannunka?"

"Ruwan batir ne, Ofisa."

"Ina kake ranar Juma'a da azahar?"

"Wurin aiki. Har magariba."

A Magazine, maigidan Fataw ya goge hannu da tsumma ya yi tunani.

"Juma'a? Ya ari aboboyaa ɗinmu, babur mai ƙafa uku, ya ce zai kai kaya Krofrom. Sai la'asar ya dawo, yana wari kamar mushe."

Sufeto ya leƙa ƙarƙashin bencin aikin Fataw. Ga wani abu an lulluɓe da tamfol. Ya yaye. Injin ne, an wanke shi tas, har an sake masa bel.

Da ya koma Zongo, ya ja Fataw gefe, bayan rijiyar.

"Na ga abin da ke ƙarƙashin bencinka."

Fataw bai musa ba.

"Duk zuwan da jami'an nan za su yi, kamfani sai ya rufe bola da jar ƙasa, ya fesa magani, su duba su ce lafiya lau. Na ce bari wannan karon su gani da idonsu. Na auna gangaren, ta bakin get ruwan zai bi, gaban motocinsu. Da sun tafi in mayar da injin." Ya nuna rijiyar. "Ban sa ruwan sama a lissafi ba. Da hannuna na ɗebo wa Hikma ruwan nan ranar Asabar, Ofisa. Ni na ba ta."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya umarci kofur ɗin da ke tare da shi ya je ya taho da manaja shi ma, sannan ya ce wa Fataw su tafi. Bai ciro ankwa ba.

Suna wuce tabarmin, Mma Barkisu ta fito da carbi a hannu.

"Ina za ku kai mini shi? Ko sadakar uku ba a yi ba."

Sufeto ya buɗe baki, Fataw ya riga shi.

"Mma, ni na kwance injin."

Tsohuwar ta dube shi, ta sake dubansa, sai ta dafa bango ta zame ta zauna a ƙasa. Ba wanda ya motsa a kan tabarmin. Fataw ya taka da kansa zuwa motar 'yan sanda, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.