Mai Haska Fim da 'Yar Mai Talabijin

Ranar da suka fara haɗuwa, injin sinima ne ya tsaya ana tsakiyar kallon yamma. Mutane suka ɗau ihu. Saurayin da ke haska fim ya sauko yana ba da haƙuri layi-layi, ya jiƙe sharkaf da gumi, har ya iso gabanta. Ta miƙa masa hankici. Ya karɓa, ya manta abin da ya zo faɗa.

Wata shida suna soyayya kafin babanta ya ji labari. Baba mai shagon talabijin ne. Tun rasuwar Mama ba ya zuwa ko'ina, daga shago sai falo, gaban wata ƙatuwar talabijin, shi kaɗai.

"Sinima?" in ji shi. "Ni nake sayar da abin da zai kashe ta. Kowa na kallo a ɗakinsa, har a waya. Ba zan ba da ke ga wanda sana'arsa ke shirin mutuwa ba. Ga ɗan abokina nan yana son ki."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Kwana uku masoyinta na kira ba ta ɗauka, don ba ta san me za ta ce masa ba. Shi kuwa da ya ji labarin ɗan abokin Baba, sai ya zaci ta zaɓi wancan ne. Sai ga saƙonsa:

"Zinariyata, in kin ga alheri a can ba zan riƙe ki ba. Ki dai faɗa min da bakinki."

Ta amsa:

"Ba inda za ni, rabin raina. Ajiye mana kujera biyu ranar Asabar."

Da ƙyar ta lallaɓi Baba ya raka ta sinimar. "Sau ɗaya tak. In ka fito ra'ayinka bai canza ba, na haƙura da shi."

Fim ɗin na barkwanci ne. Baba ya zauna fuska a murtuke. Can zauren ya kece da dariya, wani dattijo a gefensa ya dafa kafaɗarsa yana "Wayyo cikina!" Sai ta ji Baba na ƙyaƙyatawa, har da share hawaye.

Da suka fito, Baba ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sau biyu na kalli fim ɗin nan a gida," ya ce a hankali. "Ko murmushi ban yi ba."

Ya gyara hularsa. "Ki ce masa ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Na ba ka amanarta. Allah ya yi muku albarka, kada ɗayanku ya taɓa barin ɗan'uwansa cikin kaɗaici."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta ce amin.