Ba Wanda Ya Ce Mata Ya Haƙuri

"Ke, karɓi tiren nan ki kai wa baƙi ruwa!"

Zalika ta karɓa. Ba ta ma san ta karɓa ba, sai ganinsa ta yi a hannunta.

Ranar sadakar uku ce ta Rabiou. Falon Hajiya Nana Khadija, matar kawunsa, da ke unguwar Al Khabaisi a Dubai ya cika da mata har bakin ƙofa. Kusa da Hajiya 'yarta Muhsinat ce zaune cikin baƙar abaya, ido jajur, tana karɓar gaisuwa kamar ita ce matar mamacin.

"Muhsinat, ya haƙuri?"

"Da godiya..."

"Ashe babu rabon auren. Allah ya jiƙansa."

Zalika ta bi layi da tire. Kowacce ta ɗauki kofi. Ba wadda ta ɗago ta dube ta, alhali rabinsu sun san ita yake so.

Matar da mijinta ya rasu tana da takaba. Uwa tana da tabarmar makoki. Wadda aka so, aka hana, ba ta da komai. Ita kuwa Zalika ba ta neman gado, ba ta neman kujera. Mutum ɗaya kawai take so ya tsaya gabanta ya ce mata ya haƙuri, ko ta gaskata cewa ita ma an yi mata mutuwa.

Muhsinat ta matso da baki kusa da kunnenta.

"Mai abinci, in kin gama ki wuce kicin. Nan wurin dangi ne."

Maganar ba ta yi mata zafi ba. Tun da aka kira ta aka ce motar su Rabiou ta kife a hanyar garin Hatta, ba abin da ke yi mata zafi. Ta ci barkono, bai yi yaji ba. Mai ya fallatsar mata a hannu, sai da ta ga tabon ta sani.

Ta wuce kicin ta wanke kofuna.

A wani sito ta fara ganin Rabiou, can unguwar Al Quoz, tsakanin garejin motoci da wurin masu walda. Abinci take kai wa ma'aikata, aka ce mata akwai wasu makaɗa da ke neman mai kawo musu na rana. Ta shiga da kula a ka, ƙara ta kusa mayar da ita waje. Mutum wajen ashirin! Masu busa sun yi layi uku, ƙahonninsu na ƙyalli, a baya ga mai fiyano da wani tsoho baƙi yana dukan dogayen ganguna da tafin hannu.

A gabansu wani siriri ya ɗaga hannu, komai ya ɗauke ɗif.

"Ƙanshin dambu nake ji, ko yunwa ce ke min gizo?"

"Dambu ne," in ji ta.

"Daga ina?"

"Maraɗi."

"C'est pas vrai! Da gaske? Jama'a a tashi, 'yar garinmu ta zo!"

Shi ke nan. Kullum sai ya raka ta bakin titi.

Wata rana ta tambaye shi, "Wai kai me kake yi ne? Ba ka busa, ba ka waƙa, sai ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya."

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Zalikata, aikina irin naki ne. Waƙar ba ni na ƙirƙira ba, tsohuwar jaz ce, kamar yadda ba ke kika shuka shinkafa ba. Ni na san wa zai shiga yanzu, wa zai jira. Masu saksofon su ne mai, su ke kwantar da komai. Tarombon gishiri. Taramfet barkono, in na sake su da wuri sun ɓata min tukunya."

"Tsohon nan mai ganga fa?"

"Don Ernesto? Shi ne wutar. Kiɗan ƙasarsu Kuba nake ɗora waƙar a kai, mambo, ca-ca-ca. Ki saurara da kyau, ma chérie, kiɗan nan daga wajenmu aka tafi da shi a jirgin ruwa. Ni dawo da shi gida nake yi."

"To ka rage barkono, kunnena na ciwo."

"An gama, ranki ya daɗe!"

Kuma ya rage. Washegari da ta shigo, masu taramfet suka yi mata ihu wai ta sa an yanke musu rabo.

Hajiya ba ta so wannan soyayya ba, ta daɗe da ajiye shi don 'yarta. Muhsinat ce ta je har shagon kargo na Yaya Mutari, wan Zalika, inda yake aika wa mutane kaya, ta nuna masa hoto a waya: Zalika a ƙofar otal da kula a hannu.

"Ƙanwarka otal-otal take bin makaɗa. Na ce gara ka ji daga bakina."

Mutari ya dawo gida yana huci.

"Makaɗi, Zalika? Me zan ce wa Inna? Na kawo ki Dubai na ba maroƙi?"

"Yaya, ba roƙo yake ba..."

"Khalas! Kar in ƙara jin sunansa!"

Rabiou ya zo da kansa, ya durƙusa a ƙofar shago cikin rana. Mutari ya ci gaba da naɗe kwali da salatif, bai ko dube shi ba. Da Rabiou zai tafi ya ce wa Zalika, "Kar ki yi kuka, habibti, masoyiyata. Muna da wasa a Hatta. In na dawo zan zo da manya."

Ba ta yi kukan ba. Har yau ba ta yi ba.

Bayan sadakar bakwai Mutari ya ce ta shirya ya kai ta Al Quoz ta kwaso kulolinta.

"Yalla, mu je, daga yau kin gama da siton nan."

Ya biyo ta ciki don ya ɗauka mata. Ƙungiyar tana atisaye, ba mai tsayuwa a gaba. Wasu da bandeji a hannu, ɗaya da sanda. Kiɗan Rabiou na ƙarshe suke yi, wanda aka shirya domin Hatta. Saksofon suka kwanto, tarombon suka amsa, taramfet suka tashi sama.

Sai kowa ya tsaya.

A wannan gurbin Rabiou ya saba buga wasu 'yan sanduna biyu shi kaɗai, uku sannan biyu, kafin kowa ya dawo. Sandunan suna nan a kan kujerarsa. Ba wanda ya taɓa su. Mutanen suka riƙe ƙahonninsu suna ƙirga shirun da kai, har ana jin ƙarar walda daga maƙwabta.

A cikin shirun Don Ernesto ya hango ta.

Ya ajiye hannu. Ya yi magana da Hafiz, ɗan Zangon Kumasi mai taramfet, wanda shi kaɗai ke jin Hausa a cikinsu. Hafiz ya faɗa masa wani abu, ya maimaita masa sau biyu.

Tsohon ya taso yana ɗingishi, ya cire hularsa, ya tsaya gabanta.

"Salika... ya akuri."

Ta dube shi.

"Ki amsa masa, 'yar'uwa," in ji Hafiz a hankali. "Tun ranar muke jiranki. Mu wajen wa za mu je gaisuwa in ba ke ba?"

"Da... da godiya."

Suka yi layi. 'Yan Filifin, 'yan Kolombiya, wani Bamasare, wani ɗan Rasha mai jan gemu. Kowa ya zo da tasa karyayyar Hausa, wani ya ce hakuli, wani ya manta ya koma ya tambayi Hafiz. Ta amsa wa kowa. Muryarta ba ta rawa, idonta a bushe, sannan ta nemi kujera ta zauna.

Mutari yana tsaye da kula a kowane hannu. Ya dubi layin mutanen, ya dubi ƙanwarsa, ya daɗe a haka.

Suka shiga mota. Ya kunna, ya kashe. Ya riƙe sitiyari yana kallon bangon gareji.

"Ranar da ya zo shago," in ji shi, "ko ruwa ban ba shi ba."

Ya juyo ya dube ta.

"Zalika."

"Na'am, Yaya."

"Ya haƙuri?"

Ta buɗe baki za ta ce da godiya, kamar yadda ta ce wa sauran.

Kuka ne ya riga maganar fitowa. Ta kifa kanta a kan gwiwa, shi kuma ya bar motar a kashe.