Ƙanzon Gimbiya

Ƙamshin cuku ya cika kicin, amma Amarya ƙauri kawai take ji. Ta durƙusa gaban obin, ta naɗe hannunta da tsumma, ta jawo tire. Taliyar ta yi kyau, cukun da ta goga a kai ya narke ya yi ja-ja yana ɓararraka. Sai dai kusurwar baya ta hannun hagu ta ƙone ƙurmus, kamar kullum.

"Wayyo ni! Yau ma?"

Ta waiga ko wani na kallonta, ta sa wuƙa ta yanke kusurwar tsaf, ta ɗora a ƙaramin faranti. A gidansu ba a zubar da abinci, don haka a tsaye ta tura shi baki tana yatsina fuska. Ɗaci ne da shi kamar magani.

Ba ta daɗe a gidan ba, shi ya sa har yanzu kowa Amarya yake ce mata. Mijinta likitan ido ne, kowa Likita yake kiransa, kuma tana sonsa so mai tsanani. Matarsa ta fari, wadda suke kira Gimbiya, ta rasu bayan gajeriyar jinya. 'Yar ƙanin mahaifiyar Likita ce, wadda ake kira Inna, a hannun Innar ma ta tashi. Gimbiyar ce ta saba wa dangi da taruwa kowace Asabar da yamma a ci taliya da cuku. Ranar da Amarya ta tare Inna ta ce mata, "A gidan nan ba a fasa girkin Asabar." Ta ce to, ta dage ta koya.

Kicin ɗin kuwa har gobe na Gimbiya ne. Rigar girkinta na rataye bayan ƙofa, ba mai taɓawa. Idan iska ta shigo ta taga sai hannun rigar ya motsa, gaban Amarya ya faɗi. Sau da yawa tana goga cuku za ta ji kamar an tsaya a bayanta ana duba aikinta, ta waiga ba kowa.

Ta ɗauki tiren ta kai tebur. Inna na zaune a kujerarta, kusa da ita Yaya, babbar yayar Likita, mace mai baki kamar reza. Ana hira ana dariya, tiren na sauka aka yi tsit. Likita ya ƙura wa gurbin kusurwar ido. Ya miƙe ya fita. Haka yake yi duk Asabar, amma yau Yaya ta ƙi haɗiyewa.

"Ke! Izgili kike mana ne?"

"Izgili kuma, Yaya? Me na yi?"

"Ji ta, wai me ta yi! Kin fi kowa sanin abin da kike yi. Kina so ki haukata mini ƙane ne?"

"Wallahi iya ƙoƙarina nake..."

Inna ta ɗaga hannu. Idanunta sun kaɗa. "Yarinya, na yi shiru na yi shiru, na gaji. Idan Asabar mai zuwa na sake ganin abin da na gani a tiren nan, ki haɗa kayanki ki koma gidanku. Ni na haife shi, kuma ba zai tsallake maganata ba."

Amarya ta durƙusa. "Ki yi haƙuri, Inna. Zan gyara."

Me za ta gyara? Ai ba wanda ya faɗa mata! Dangin nan idan baƙin ciki ya kama su, rufe baki suke yi, su bar mutum ya yi ta lalube. Ita dai abin da ta ɗauka shi ne sun gano tana ƙona abinci tana ɓoyewa. Ta koma kicin ta ci kukanta, ga rigar girkin nan tana lilo a bayan ƙofa.

Satin nan kaf a gaban obin ta yi shi. Ta rage wuta, tsakiya ta ƙi nuna. Ta juya tiren ana cikin gashi, kusurwa biyu suka ƙone maimakon ɗaya. Ta sauya cuku, ta ƙara madara, duk a banza. Da Likita ya dawo daga asibiti ta tare shi a falo.

"Don Allah a kira mai gyara ya duba obin ɗin nan."

"Kar a taɓa shi," ya faɗa da sauri.

"To ka faɗa mini laifina mana. Ko sori ne in ce, in san a kan me nake cewa."

"Bar maganar nan, Amarya. Kaina ciwo yake."

Ya wuce. Ta lura ya rame, ta kuma lura tun zuwanta bai taɓa taka ƙafarsa cikin kicin ba. Iyakarsa bakin ƙofa, ya leƙa, ya kau da kai. Ta tausaya masa fiye da yadda ta tausaya wa kanta, ta kuma ji tsoro, domin ta ga alamar idan Inna ta ce ta tafi, ba shi da ƙarfin riƙe ta.

Asabar ta zo. Tun da rana ta jera kayanta a akwati ta tura ƙarƙashin gado, don kar a ga tana haɗawa a gaban mutane. Da yamma ta jiyo muryar Inna da Yaya a falo. Ta buɗe obin tana addu'a. Kusurwar ta ƙone.

Ta ce a ranta, bari yau in yanke da faɗi yadda ko ɗigon baƙi ba za su gani ba. Ta ɗauki wuƙa, sai kuka ya ƙwace mata, mai sauti, har ta kasa tare shi da tafin hannu.

"Ajiye wuƙar nan."

Ta zabura. Likita ne a bakin ƙofa, ya dafa bango.

"Wa ya ba ki labari? Maƙwabta ne? Me ya sa kike kwaikwayonta?"

"Kwaikwayon wa?"

"Gimbiya!" Sunan ya fito masa da ƙyar. "Duk Asabar sai ta yanke kusurwar nan tun a kicin. Takan ce ita ƙanzo take so, rabonta ne, kar wanda ya sa mata rai. Har tsokanarta muke yi, muna ce mata sarkin ƙanzo. Yanzu tana kabari, amma duk sati tire na zuwa tebur an cire rabonta, daidai inda take cirewa! Kamar ta shigo ta ɗauka ta fita. Inna ta daina barci. Ni kuwa in na ga gurbin nan numfashina ɗaukewa yake."

Amarya ta saki baki, tsigar jikinta ta tashi. Ta dubi rigar da ke bayan ƙofa, ta dubi tiren.

"Na rantse ban taɓa ji ba. Obin ɗin ne, Likita. Wutarsa ta fi yawa ta can baya. Kunya nake ji in kawo wa Inna ƙonannen abinci, shi ya sa nake yankewa in cinye."

"Ki cinye? Ke ma kina son ƙanzon ne?"

Ta yi murmushi cikin hawaye. "Wannan ai ba ƙanzo ba ne, gawayi ne. Ba mai sonsa."

Ya dubi tiren. Sannan ya ɗaga ƙafa ya shigo kicin. Ya karɓi wuƙar, ya ɓanɓaro ɗan kaɗan daga kusurwar, ya sa a baki. Nan take fuskarsa ta yamutse. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, sai ya zame ya zauna a ƙasa.

"Abin da take ci ke nan?" ya ce a hankali. "Duk shekarun nan? Muna cin tsakiya muna santi, muna mata dariya? Ta taɓa ce mini obin ɗin na so a duba, na ce sai na samu lokaci. Ba ta sake maimaitawa ba."

Mutumin da yake wuni yana duba idanun mutane, ga shi abin da ke cikin kicin ɗinsa bai gani ba. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Amarya ta durƙusa kusa da shi. Ba ta ji kishi ba ko kaɗan. Abin da ta ji shi ne son wata baiwar Allah da ba ta taɓa gani ba, wadda ta tsaya daidai inda take tsayawa, ta haɗiye ɗacin da take haɗiyewa.

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Ashe 'yar'uwata ce."

Ya share ido ya miƙe. "Ba ni tsumman. Yau ni zan kai."

Ya ajiye tiren a tebur, cikakke, da baƙar kusurwarsa. Yaya ta buɗe baki za ta fara, ya ce, "Yaya, dakata. Inna, ga rabon Gimbiya. Don Allah ku ɗanɗana."

Yaya ta sa a baki ta tofar. "Kai! Wannan wane irin mugun abu ne?"

Ya zayyana musu komai. Inna ba ta tofar da nata ba. Ta tauna a hankali har ta haɗiye, hawaye na bin kumatunta.

"Ni na raine ta," ta ce. "Tun tana ƙarama ko shayi ya yi ɗaci ba ta sha. Ta yaya aka yi na yarda wai tana son wannan?" Ta juya. "Amarya, zo nan."

Amarya ta zo ta durƙusa.

"Kina cin ɗaci don mu ci daɗi, mu kuma muna shirin korarki. Ki yafe mini, 'yata."

"Ba komai, Inna. Wallahi ba komai."

"Ni ma ki yafe," in ji Yaya, kanta a ƙasa. "Bakin nan nawa sai addu'a."

"Sai dai addu'ar!" Inna ta ce, aka yi dariya ana share hawaye.

Washegari Amarya ta mai da kayanta cikin durowa. Mai gyara ya zo, ya ce ai ɗan ƙarfen da ke raba wuta ne ya karkace, kafin shayinsa ya huce ya gama. Inna da kanta ta sauke rigar girkin, ta rungume ta, ta ninke ta tafi da ita.

Haƙurin Amarya bai faɗi ƙasa ba. Amma ku da ake girka wa abinci, ku riƙa leƙa kicin, ku tambayi mai girkin me ita ta ci. In wani ya ɓata muku rai, ku faɗa masa laifinsa kafin ku yanke hukunci, domin shirun gidan nan saura kaɗan ya raba masoya.

Asabar ta gaba tire ya fito ja-ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Likita ya karɓi cokalin rabo, ya ɗebo daga tsakiya inda cuku ya fi kauri, ya fara zuba wa Amarya.