Jaririyar da Lalla Jalila Ta Shayar

"A dakatar da maganar auren nan tukuna."

Sawsen na tsaye da tiren shayi a falon babanta, Baba Mongi, sa'ad da Lalla Jalila, mahaifiyar Zied, ta faɗi haka. Saura 'yan makonni a ɗaura aure. Zied yana zaune kansa a ƙasa. Kusa da shi gwaggonsa Naziha ce, wadda duk unguwar ta san ta so ya auri 'yarta.

"Me na yi, Lalla?"

"Ba ki yi komai ba..."

Naziha ta gyara zama. "Ni zan faɗa, tunda kowa ya zama kurma. A watan da aka haife ki, Jalila ta haifi ƙanin Zied a asibitin nan garin Sfax. Yarinyar da ke gadon kusa da ita ta gudu ta bar jaririya. Jalila ta ɗauka ta shayar. Ni ce mai jinyarta, da idona na gani. Ke kuma daga gidan marayun garin nan aka ɗauko ki. Ko ƙarya na yi, Si Mongi?"

Baba Mongi ya kawar da kai gefe.

"Amma ai na ɗan lokaci ne," in ji Zied da murya ƙasa-ƙasa.

"Ko sau ɗaya ne ya haramta, ɗan gwaggo. Je ka tambayi liman."

Gaskiya Naziha ta faɗa, amma ba don Allah ta faɗe ta ba. Shekara ashirin da wani abu tana zaune a kan wannan labari, bai tashi cizonta ba sai da aka sa rana. Irinsu suna da yawa, kuma addini kan zo musu a baki ne ranar da suke da bukata.

"Sunan uwar jaririyar Wrida," Lalla Jalila ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Shi kaɗai na riƙe."

Da ma can ba ta son auren. Ta sha faɗa wa Zied cewa ba a kawo mata wadda ba a san tushenta ba. Sawsen ta sani. Ta ajiye tiren a hankali ta shige ɗaki.

Takardar haihuwar da ke hannunta sunan Baba Mongi ne a kai, da na marigayiya matarsa. Ta farko, mai ɗauke da sunan wadda ta haife ta, tana rufe a kotu. Tun da ta mallaki hankalinta aka gaya mata tana iya neman a buɗe mata. Ta ƙi. Gani take ranar da ta karanta wani suna, ta ci amanar mutumin da ya tsufa yana tuƙa motar haya don ta yi karatu.

Da la'asar Baba Mongi ya same ta a ɗaki.

"Tashi ki wanke fuska. Gobe za mu wajen lauya."

"Baba, ba na son wani suna bayan naka."

"Ban haife ki ba, Susu, kuma ban taɓa yi miki ƙarya a kan haka ba. Takardar nan hakkinki ce. Ni ba a cikin takarda na same ki ba, ba kuma a cikinta zan rasa ki ba."

Ya ja mata ƙyauren ya fita.

Aka shigar da neman, aka ce su jira. Jiran ya yi tsawo.

Zied ya daina zuwa, sai waya.

"Hasken idona..."

"Kar ka faɗa, Zied."

"To da me zan kira ki?"

"Sawsen."

"Sawsen kawai? Kamar mai karɓar kuɗin wuta?"

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka. "In ta tabbata fa?"

"In ta tabbata, zan zama yayan da ba a taɓa yin irinsa ba. Duk wanda ya zo neman aurenki sai na kore shi da sanda."

"Mugu."

"Ki ci abinci, don Allah. Muryarki ta rame."

Abin da ba wanda ya zata shi ne zuwan Lalla Jalila. Ranar wata Juma'a sai ga ta da kwanon kuskus da kifi, wai ta dafa ya yi yawa. Ta zauna tana kallon Sawsen na ci. Ta kalli kunnenta, ta kalli yatsunta.

"Haka take riƙe ni," ta ce. "Da hannu ɗaya, ƙam, kamar za a ƙwace ta."

"Wa, Lalla?"

"Jaririyar. Tana ta kuka ba wanda ya kula. Na ce a miƙo min ita. Nawa yana gefe guda, ita tana gefe guda. Wata safiya na farka an ɗauke ta. Ban tambayi inda aka kai ta ba... kunya ta hana ni, kar a ce ina ruwana da 'yar wata." Ta share ido da gefen mayafi. "Ƙara kifin nan. Ƙashi kawai kika zama."

Ta dawo Juma'a mai zuwa, da ta bayanta. Ta fara yi wa Sawsen faɗa a kan fita ba rigar sanyi. Ta tsefe mata kai ta shafa mata man zaitun. Matar da ta ce ba ta son marar tushe, ga ta tana neman tushen a jikinta.

Ranar da kotu ta kira, Baba Mongi ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki. Zied da mahaifiyarsa suka zauna a benci a waje. Masu cewa a rufe irin wannan takarda har abada don rufin asiri ba su taɓa zama a kan bencin nan ba.

Ma'aikaciyar ta miƙo takardar. Sawsen ta kasa dubawa.

"Baba, karanta min."

"A'a. Ke ya kamata ki fara ganinta."

Ta duba. Wurin sunan uba babu komai. A ƙasansa, wurin sunan uwa, da rubutun hannu da ya fara kodewa: Mbarka. Shekarunta goma sha bakwai.

"Yarinya ce ma, Baba," ta ce. "Ba ta kai ni ba."

"Allah Ya sa tana raye."

"In na ce ina son in neme ta?"

"Ni zan tuƙa ki. Ba lungun da ban sani ba a ƙasar nan."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa, ya bar ta har ta gaji don kanta.

Da suka fito Zied ya miƙe, ya zuba mata ido.

"Mbarka," in ji Sawsen. "Ba Wrida ba."

Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu. "Alhamdulillahi... Sawsen, yanzu in faɗa?"

"Gaban Baba? Ka yi hankali."

Sai suka ji sheshsheƙa. Lalla Jalila ce, kuka take sosai, ba irin na murna ba.

"Ommi, mene ne kuma? Ai an gama."

"Rabu da ni." Ta jawo Sawsen ta zaunar kusa da ita. "Na riga na sa a raina ke ce. Kullum in na yi salla sai in ce Allah Ka sa ba ita ba ce, don yaron nan. In na shafa kuma sai in ji ina so a ce ke ce."

"Ki yi haƙuri, Lalla."

"Daina ce min Lalla kamar wata baƙuwa. Ba ki sha nonona ba, na ji. Amma ban san hanyar komawa baya ba." Ta dubi Baba Mongi. "Si Mongi, na faɗi maganganu a kan 'yarka. Ka yafe min."

"Ita za ki roƙa."

"Ta yafe, ai na ga fuskarta."

An ɗaura auren a ranar da aka sa tun farko. Naziha ta aiko cewa ciwon kai ya hana ta zuwa. Da aka zo tafiya da amarya, Lalla Jalila ta tare ɗanta a bakin mota, ta kama masa kunne gaban mutane.

"Saurara da kyau. Ranar da ka ɓata mata rai, gidana za ta yo yaji. Kai kuma sai ka nemi uwar da za ta buɗe maka ƙofa."