Sallamar da Ta Kwana Tara

Rahina ta ji muryarsa kafin ta ga fuskarsa. Ranar kasuwar Kore Mairuwa ce, tana sayar da gyaɗa a bakin tasha, shi kuma Abdussalamu ɗan kamasho yana kiran fasinja: "Dutsi! Dutsi! Saura mutum guda!"

"Tun hantsi mutum guda ya rage?" in ji ta.

"Ke nike jira."

Shekara guda yana zuwa zance. Sai muryar ta dushe, kira ya cinye ta. A Yamai likita ya ga ɗan ƙulli a tantanin muryarsa, ya ƙone shi da hasken leza ta baki. Ba wuƙa, ba ɗinki. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kwana goma ba magana, ko raɗa. In ya karya, muryar na iya zama a dushe har abada.

A kwana na biyu Malam Yaro, mahaifin Rahina, ya same shi a tasha. Sau uku tsoho yana sallama. Abdussalamu ya durƙusa, ya miƙa masa takardar asibiti mai rubutun Faransanci.

Tsoho ya iso gida yana huci. "Na yi mishi sallama, ya miƙo min takarda kamar jandarma! Ba ni ba shi ɗiyata."

"Baba, aiki anka yi mishi a maƙogwaro."

"Na duba wuyan. Ko tabon ƙaya babu."

Faruku mai shago, wanda ya daɗe yana sonta, ya shiga yaɗa cewa aljana doguwa ce ta shaƙe Abdussalamu.

Saƙon Abdussalamu ya shigo wayar Rahina: "Zumata, gobe zan yi wa Baba magana. Murya ta tafi, in dai ina da ke."

Ta rubuta masa: "Ko uffan ka ce, na fasa. Muryar nan tawa ce, ajiya na ba ka. Baba na girbi, ka zo gona."

Ya zo. Kullum yana yankan hatsi kusa da tsoho, ba mai ce wa wani komai. Rannan Rahina ta kai fura, kunama ta harbi Abdussalamu yana ɗaure dami. Ya ciji wuyan rigarsa, gumi na zuba, bai yi ƙara ba. Malam Yaro ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki koshiyar fura ya miƙa masa da hannunsa.

Da kwana goma suka cika, Rahina na bayan dangar gida ta ji murya siririya, amma garau:

"Wa alaikumus salam, Baba."

"Ka daɗe ba ka amsa ba," in ji tsoho. "Turo manyanka."

Bayan an kai hatsi rumbu aka ɗaura aure. Da suka keɓe, ta dube shi. "Saura mutum guda?"

"Mota ta cika, Zumata."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar masa muryarsa.